Keken Kawu a Bangon Gidana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu, wan mahaifiyata, wanda duk unguwar Yalwawa a Dutse ta sani da Malamin Gona, ya rasu a tsakiyar bazarar nan, ranar wata Laraba da hantsi. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Da muka dawo aka kafa rumfa a ƙofar gidansa, aka shimfiɗa tabarmi, jama'a suka yi ta ɓullowa, wasu daga Buji, wasu daga Kafin Hausa, tsofaffin manoma waɗanda ban taɓa ganin fuskarsu ba. "Ya haƙuri?" "Da godiya." "Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta." Duk wanda ya zauna sai ya faɗi wani alheri nasa, kuma babu wanda ya yi ƙarya.

Amma ni idanunsu nake lura da su. Duk wanda ya iso sai ya saci kallon bakin zaure, inda keken Kawu yake a jingine, sannan ya nemi wurin zama can nesa. Nan gefen keken ne inuwa ta fi kyau, ga zafi kamar zai tsaga kai, amma babu wanda ya zauna a wurin. Wani dattijo maƙwabci ya matso ya ce min a kunne, "Malam, da an samu buhu an rufe abin nan." Kafin in juya wani ya riga ya rufe shi. Daga cikin gida kuma mahaifiyata ta aiko a gaya min, idan an yi sadakar uku a fitar da keken daga gidan, a kai shi can wani gari a bayar.

Bayan la'asar sai ga mutum uku sun ɓullo ta kan kwana a kan kekuna, a jere, a hankali. Tela ne, da wani tsohon direba, da Baffa mai sayar da shanu. Su ne abokan hawan Kawu da suka rage, kuma dukansu masu ciwon daji ne. Hira ta ɗauke a rumfar nan ɗif. Suka jingine kekunansu kusa da nasa. Tsohon direba ya yaye buhun, ya ninke shi, ya zauna a kai. Na ji wani a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "Saura uku."

Ni kuwa ina zaune ina karɓar gaisuwa da hirami naɗe a wuyana, gumi yana bin bayana. A ƙarƙashin hiramin akwai wani ƙullutu da ya kusa kai ƙwan zabo, wata goma yana nan yana girma. Maiɗakina na ce mata kaluluwa ce, ta yarda, ko ta yi kamar ta yarda. Mutum ɗaya ne ya taɓa kallon tsabar idona ya ce in je asibiti, shi ne muka binne ɗazu. Kuma maganar ƙarshe da na yi masa a kan ƙullutun nan ƙarya ce. Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Ba na son a manta da shi, ba na kuma son ya rage a bakin mutane a matsayin mai keken da ake rufewa da buhu.

Kawu ya yi shekara talatin da wani abu yana aikin malamin gona, yana zagaya ƙauyuka a kan wannan baƙin keken, yana nuna wa manoma iri da taki. Da aka fara ba su babur ya ce shi a'a. "Babur ya fi manomi sauri," in ji shi. "Kafin ya ɗago daga kunya ya ce sannu, ka wuce." Kullum zai cusa bakin wandonsa na dama a cikin safa don kada sarƙa ta ci, ya ɗaure buta a kariyar bayan keken, ya zuba dabino a aljihu. Muna yara idan ya zo gidanmu aljihun muke fara gaisarwa, shi kuma ya ja kunnenmu ya ce mu 'yan uwan ɓera ne. Da ya yi ritaya gwiwoyinsa suka fara ciwo, aka rataye keken a ɗakin ajiya.

Shekara shida da suka wuce aka same shi da ciwon daji a hanji. Aka yi masa aiki a wani babban asibiti a Kano, aka yanke abin da za a yanke, sannan ya yi watanni ana ƙara masa ruwan maganin nan da suke kira kemo. Ya dawo Dutse ƙashi da fata. Abinci ya daina yi masa ɗanɗano, ya ce ko tuwo ya sa a baki ƙarfe yake ji. Mu kuma danginsa muka yi abin da muka iya: muka sa shi a ɗaki, muka saki labule, duk wanda ya zo dubiya muka ce ulsa ce. A wajenmu ba a kiran sunan ciwon nan. Cewa ake "ciwon nan," a sauke murya, a yi a'uziyya.

Wata uku ya yi a ɗakin. Wata safiya sai ya fito yana dafa bango ya ce a sauko masa da kekensa. Likita ya ce ya riƙa motsa jiki, gwiwa kuma ta hana shi tafiyar ƙafa. Matarsa, wadda muke kira Inna, ta roƙe shi har da kuka, bai ji ba. Ranar farko ko masallaci bai kai ba ya faɗi a bakin kwata, ya ɓata rigarsa. Washegari ya sake fita. Bayan mako ɗaya yana kaiwa ƙarshen layi. Bayan wata ɗaya yana kaiwa bakin titi ya dawo. Inna ta ba ni labarin ranar da ya shigo yana haki, ya zauna a kan turmi ya ce, "Wai babu ɗumame a gidan nan?" Ta ce ta shiga madafa tana hura wuta tana kuka, don rabon da ya nemi abinci da bakinsa ta manta.

Daga nan sai ya yi abin da har yau wasu daga cikin dangi ba su yafe masa ba. An idar da sallar asuba, ya miƙe a sahu ya ce, "Jama'a, na gode da dubiya. Amma ba ulsa ce da ni ba, ciwon daji ne. An yi min aiki, na sha magani, ga ni. Duk wanda yake da irinsa a gida, ya daina ɓoye shi." Liman ya yi gyaran murya. Mutane suka fita suna neman takalmansu kamar an ce gobara. Da labari ya kai wa mahaifiyata, ta yi kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba, ta ce Yaya ya tona mana asiri a bainar jama'a.

Ba wanda ya zo wurinsa, sai shi ya shiga nemansu. Idan ya koma Kano a duba shi, yana kan layi yana tambayar kowa daga ina. Da ya ji an ce Dutse ko Buji sai ya karɓi kwatancen gida. Haka ya samo tela, haka ya samo tsohon direba, da wani mahauci, da wasu. Yadda yake yi ɗaya ne kullum. Bayan asuba zai zo ya jingine keken a bangon gidan, ya kaɗa ƙararrawa sau biyu, ya tsuguna ya jira. Idan ba a fito ba ya tafi, gobe ya dawo. Tela ya ce kwana goma sha ɗaya yana jin ƙararrawar nan yana jan bargo, ranar sha biyu ya fito don ya zage shi, sai ya tarar ya zo da keke biyu, ɗaya a hannu.

Suna da ƙa'ida. Wanda ya fi kowa rauni a ranar shi ne a gaba, sauran su bi shi ko da tafiyar hawainiya yake. Sukan bi hanyar da ta ratsa gonakin dabino, duwatsu a hagunsu, har zuwa wata tsamiya. A nan za su sauka, Kawu ya raba dabino uku-uku, a zagaya da buta. A gindin tsamiyar nan suke faɗin abin da ba sa iya faɗa a gida: amai, zubewar gashi, tsoro, da yadda mutum yake jin iyalinsa suna yin shiru idan ya shigo. Kafin a juyo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, "Kai yaushe za ka koma asibiti?" Baffa ya taɓa tsallake ranarsa ya tafi wurin wani mai jiƙe-jiƙe, Kawu ya ƙwace keken da ya ara masa na mako biyu. "Keke ba magani ba ne," ya ce masa. "Asibiti ke magani, Allah ke warkarwa. Ni yunwa nake rabawa, da barci, da abokin hira."

Mata ba sa iya bin su titi, wannan ya daɗe yana damunsa. Sai ya kai wani tsohon keke wurin mai walda aka yi masa ƙafafu, tayar baya ta tashi daga ƙasa, ya kafa shi a tsakar gida a ƙarƙashin darbejiya. Idan maza sun fita, mata biyu ko uku da aka yi wa aikin nono sukan zo wurin Inna da hijabansu, su yi ta taka feda a wuri ɗaya suna hira. Wata rana na shiga gaida Inna na ji wata daga cikinsu tana dariya tana cewa, "Yau kam na kai Kafin Hausa, ku sauke ni." Na daɗe ban ji mara lafiya yana dariya haka ba.

Sai mahauci ya rasu. Wata huɗu ya yi yana hawa da su. Bayansa wani ma'aikacin sakatariya ya bi, bayansa wani. Dama tun kafin Kawu ya san ƙofarsu ciwon ya ci jikinsu, amma unguwa ba haka ta karanta ba. Abin da mutane suka gani da idonsu shi ne, duk bangon da baƙin keken nan ya jingina, ba a daɗewa sai an kafa rumfa. Waɗanda suka ji sauƙi, suka yi ƙiba, suka koma kasuwa, babu wanda ya tuna da su. Aka fara kiransa keken ajali. Akwai gidan da ya tsaya kawai don ya tambayi hanya, yana tafiya suka fito suka wanke bangon da ruwa, suka share inda taya ta taka. Mai facin bakin titi ya daina taɓa masa taya, kullum ya ce gam ya ƙare. Tela kuwa, mutane suka daina kai masa ɗinkin sallah, wai kada ya tafi ya bar musu yadi a yanke.

Kawu yakan yi dariya ya ce, "Ni ban kai wa kowa ba, tarar da shi nake yi." Amma abin yana cin sa. Na taɓa wucewa na gan shi tsugune a gefen rumfar mai faci, ya cire tayarsa da kansa yana nema wa huda a cikin kwanon ruwa, mai facin yana zaune ya juya masa baya yana jin rediyo. Na tsaya na yi faɗa sosai ranar. Ni malamin makarantar sakandare ne, ilimin halittu ma nake koyarwa. A ofishin malamai babu wanda ya kai ni zagin jahilcin mutanenmu. Nakan ce keke ƙarfe ne da roba, wane irin ajali zai ɗauko? Bakina ya iya wannan magana ƙwarai, muddin bangon wani ake yi.

A farkon daminar bara ina aske gemu na ji wani ɗan tauri a gefen wuyana, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ba ya ciwo. Na san abin da littafi ya ce a kan ƙullutun da ba ya ciwo, ni nake koyar da shi. Na ce zai baje. Da bai baje ba na sayi hirami. Ba mutuwa ce ta fi ba ni tsoro ba a lokacin, gaskiya zan faɗa. Gaisuwar da ake yi wa tela nake tsoro, wannan "sannu, ya jiki" da ake yi a tausashe, ana kallon mutum kamar ana auna tsawonsa.

Da kaka, wata Juma'a, muka haɗu da Kawu a gidan mahaifiyata. Ya dube ni ya ce, "Malam, hirami a wannan zafin? Ko limanci aka ba ka ba mu ji ba?" Na yi dariya. Da na sunkuya zan zuba masa ruwan alwala a butarsa a zaure, hiramin ya zame. Ya ajiye butar, ya ɗora yatsu biyu a wurin.

"Yana ciwo?"

"A'a, Kawu."

"Da yana ciwo da hankalina ya fi kwanciya. Tun yaushe?"

"Farkon damina."

"Ran Litinin mu tafi Kano, ɗana. Ni na san ƙofofin."

Na ce jarrabawa muke shiryawa, sai an yi hutu. Ya ci gaba da alwalarsa.

Litinin ɗin, gari ya fara wayewa, ina ɗaki na ji ƙararrawa sau biyu a ƙofar gidana. Na fito ko hula babu. Ga baƙin keken a jingine a bangona, ga Kawu a tsugune da bakin wando a cikin safa, ga mutane suna dawowa daga masallaci suna rage tafiya.

"Kawu, don girman Allah ka ɗauke keken nan daga bangona."

"Ko ina kwana babu?"

"Mutane suna kallo."

"To su kalla mana. Gidan ɗana na zo."

"Ni lafiyata ƙalau. Ka je wurin marasa lafiyarka. Duk inda ka jingine abin nan sai an kafa rumfa, ni ba za ka kafa min ba ina numfashi."

Mutumin da ya goya ni a kariyar keken nan ya kai ni makarantar firamare na faɗa wa haka. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Kai ma?" Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ya miƙe da ƙyar, ya kama keken, bai hau ba, ya tura shi har ya sha kwana.

Na zaci ya yi fushi ke nan, har na ji wani sauƙi, Allah ya yafe min. Ashe bai yi ba. Litinin ta gaba sai ga shi da ƙafa. Ya bar keken a masallacin bakin titi ya tako, da waɗannan gwiwoyin nasa, don kada a ga keke a bangona. Na hango shi ta taga na ce wa maiɗakina ta ce na fita. Ya ba ta dabino ya ce, "Ki ce masa mota tana tashi ƙarfe bakwai." Haka ya yi ta zuwa, Litinin bayan Litinin, ni kuma na koyi fita makaranta tun kafin gari ya waye sosai. Sai sanyi ya shigo, kowa ya naɗa wani abu a wuya, asirina ya rufu. Ƙullutun ya kai dabino, ya wuce. Wandunana suka fara yi min yawa, na ƙara huda a bel.

Ƙarshen sanyi Kawu ya daina zuwa. Ciwon ya dawo masa, wannan karon a hanta. Idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya kumbura. Duk da haka ya ci gaba da fita, sai dai yanzu shi ne a gaba kullum. Tsohon direba ya ce ranar ƙarshe ba su kai tsamiya ba, a rabin hanya ya sauke ƙafa ya ce, "Yau nan ce tsamiyarmu," ya raba dabino a gefen titi. Da ya kwanta, su ukun suka riƙa zuwa kowace safiya suna jingine kekunansu a bangonsa, su shiga su zauna. Unguwa ta ce abin ya koma gida.

Kwana biyu kafin ya rasu na je, bayan la'asar. Na daɗe ina zuwa a cikin ayari in gaishe shi daga bakin ƙofa, amma ranar ya ce kowa ya ba mu wuri. Muryarsa ta dushe, sai na matsa.

"Ka je?"

Na dubi ƙasusuwan fuskarsa. Na ce a raina, me zan ƙara wa mutumin da yake wannan hali?

"Na je, Kawu. Sun duba. Sun ce kaluluwa ce, ba komai."

Ya ɗago hannu yana neman wuyana. Na kama hannun da hannuwana biyu na riƙe, kamar gaisuwa nake. Ya bar shi a nan. Ya rufe ido ya ce, "Alhamdu lillahi." Can kuma ya ce, "Ka yafe min na ba ka kunya a unguwa." Shi ne ya nemi gafarata. Na fito na zauna a zaure kusa da keken har aka kira magariba.

Ban san ko ya yarda da maganata ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani, ranar sadakar bakwai tsohon direba ya tare ni a bakin rumfa, bai kalli wuyana ba, ya ce, "Malam, ran Litinin zan je Kano a duba ni. Ba na son tafiya ni kaɗai, ko za ka raka ni?" Na ce to. Bai ƙara ko kalma ba, a mota ma hirar taki da farashin gero ya yi ta yi min. Da muka isa shi ya karɓo min kati, ya nuna min bencin da zan zauna.

Likitoci suka yanki ɗan nama daga ƙullutun, suka ce in dawo. Suka ɗauki hoton ƙirji da na ciki. Ranar da na koma, likitan ya daɗe yana juya takardu, sannan ya kira sunan ciwon, yadda Kawu ya kira shi a masallaci. Ya tambaye ni tun yaushe na fara jin ƙullutun. Na ce kusan shekara. Ya ajiye biro. Ya tambayi aikina, na faɗa masa, ya sake dubana. "Malam, me ya hana ka zuwa?" Ta yaya zan gaya wa likita cewa keke na ji tsoro a gani a bangona? Ya ce abin ya taɓa wasu wurare a ƙirji, da na zo tun farko da maganar ta fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, amma za a fara kemo a gwada.

A hanyar dawowa direba ya ce idan na yarda, za su zo da tela da Baffa, akwai keke a wurinsu, gara in fara motsa jiki tun kafin magani ya kayar da ni. Na ce su zo, su jingine a bango, kowa ya gani. Amma su ba ni zuwa bayan sadakar arba'in, kada mahaifiyata ta ji a bakin unguwa.

Jiya aka yi arba'in. Tun safe hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, ya tsaya bai zubar ba. Aka yi addu'a, aka raba waina, mutane suka watse da wuri suna kallon sama. Na bi mahaifiyata gida, na tarar da ita a ɗaki tana ninke mayafi. Na durƙusa na ce, "Umma, akwai magana." Na warware hiramin na ajiye a kan tabarma.

Na shirya wa salati, na shirya wa kuka. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ɗauke kai ta kalli ƙasa, mayafin yana hannunta.

"Sau uku Yaya ya zo nan a kan maganarka," ta ce. "Tun kaka."

Na ɗago na dube ta.

"Na farko na ce kada ya yi wa ɗana baki. Na biyu na ce ya fita min da mugun fata. Na uku ko tabarma ban shimfiɗa masa ba. A tsaye ya ce min, ƙanwata, ke kaɗai zai ji maganarki, ki ce ya je. Na ce masa ya kashe na mutane bai ishe shi ba." Ta ajiye mayafin. "Kullum ina ganin hiramin nan. Na ɗauka in dai ba a faɗa ba, ba zai tabbata ba."

"Umma, ni ma korar sa na yi."

"Likitan me ya ce?"

"Ya ce an yi jinkiri. Amma za a gwada. Ran Litinin za a fara."

Iska ta fara kaɗa labule. Sannan Umma ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, "Da na yi maka magana tun lokacin, da ka je?"

Ta san amsar. Tun da na yi wayo ban taɓa tsallake maganarta ba. Na buɗe baki in ce a'a don in sauƙaƙa mata, harshena ya ƙi. Muka zauna haka, ni da ita.

Can ta ɗaga hannu sama. "Allah ka jiƙan Yaya. Ka haskaka kabarinsa, ka saka masa da kowace safiya da ya tsuguna a ƙofar wani. Ka yafe masa, ka sa shi ma ya yafe mana." Na ce amin. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya ce amin.

Ta shafa, ta matso kusa da ni. Ta miƙo hannu, ta ɗora tafinta a wuyana, ta bi ƙullutun daga wannan gefe zuwa wancan a hankali.

"Ashe har ya kai haka," ta ce.